Yadda aka raba kujerun Karolina ta Arewa kafin a kaɗa ƙuri'a: fashin baƙin zaɓen rabin wa'adi na 2018

Ranar Alhamis 21 ga Fabrairun 2019, saura kwana biyu a fita zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, hukumar zaɓe ta jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka ta soke zaɓen wata kujera ta Majalisar Wakilan tarayya, ta ce a sake lale. Dalilinta magudi. An bi gida-gida an karɓi takardun ƙuri'ar mutane, an cike guraben da masu su suka bari, an rattaba hannun shaidun da ba su ga komai ba. Duk ɗan Najeriyar da ya ji labarin a wancan makon, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ashe su ma suna yi!"

Suna yi kam. Amma abin da ya tsaya mini a rai game da zaɓen jihar na 2018 ya wuce wannan kujera ɗaya. Kujeru 13 jihar take da su a lokacin. Ɗaya aka yi wa magudin da doka ta hana, asiri ya tonu, aka soke. Sauran kuwa, tun shekara biyu kafin a buɗe rumfunan zaɓe an riga an tsara jam'iyyar da za ta ɗauki kowacce, kuma mutumin da ya jagoranci tsarin ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a, ba a ɗaki ba. Wannan na biyun ya fi wuyar gani, ya kuma fi daɗewa yana aiki.

Zaɓen da babu sunan shugaban ƙasa a takarda

Shugaban Amurka shekara huɗu yake yi, sanata shida, ɗan Majalisar Wakilai kuwa shekara biyu kacal sai ya koma neman ƙuri'a. Saboda haka duk bayan shekara biyu, kujeru 435 na majalisar gaba ɗaya sai an sake zaɓensu. Zaɓen da ya faɗo a tsakiyar mulkin shugaban ƙasa shi ake kira zaɓen rabin wa'adi, kuma a al'adance jam'iyyar da ke riƙe da fadar gwamnati ce ke shan kashi a cikinsa. A 1994 jam'iyyar Dimokurat ta Bill Clinton ta rasa kujeru 54. A 2010 ta Barack Obama ta rasa 63. Masu jin haushin gwamnati su ke sammakon fita, masu goyon bayanta kuwa da yawa sukan zauna a gida tunda gwaninsu ba ya takara.

Haka aka yi wa Donald Trump ranar 6 ga Nuwamban 2018. Kusan rabin waɗanda suka cancanci zaɓe suka fito, rabon da a ga irin wannan fitowa a zaɓen rabin wa'adi tun 1914. Dimokurat ta ƙwace kujeru wajen 40 daga hannun jam'iyyarsa ta Rifablikan, ta karɓe majalisar, Nancy Pelosi ta koma kujerar kakaki.

Da guguwar ta iso Karolina ta Arewa sai ta tarar da katanga. Kafin zaɓe Rifablikan na da kujeru 10, Dimokurat na da 3. Da aka gama ƙirga a daren, Rifablikan 10, Dimokurat 3. Alhali in ka haɗa ƙuri'un jihar kaf, Rifablikan ta samu kashi 50 da 'yan kai cikin ɗari, Dimokurat ta samu kashi 48 da ɗoriya. Ratar kashi biyu a ƙuri'a, ratar kujeru bakwai a majalisa.

Mai riƙe da igiyar awo

A Najeriya, tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa alhakin shata iyakokin mazaɓu. A Amurka ba haka ba ne. Bayan kowace ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma, gwamnatin tarayya iyakarta ta faɗa wa kowace jiha yawan kujerun da suka faɗo mata. Yadda za a yanka jihar gida-gida aikin jihar ne, kuma a mafi yawan jihohi 'yan majalisar dokokin jiha ne ke zana taswirar. A Karolina ta Arewa har da ƙari: gwamna ba shi da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan dokar shata mazaɓu. Duk jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar jiha da ke Raleigh, an ba ta wuƙa da nama.

Sharaɗi ɗaya ne babu wasa a cikinsa: dole yawan jama'ar kowace mazaɓa ya zo daidai da na sauran. Bayan ƙidayar 2010, kowace mazaɓa a jihar ta tashi da mutum 733,000 da ɗoriya. Sai dai duk wanda ya taɓa halartar rabon gonar gado ya san daidaiton faɗi ba shi ne daidaiton rabo ba. Ana iya auna wa kowa taki ɗaya, amma wani ya tashi da fadama, wani da fako. Magana tana hannun mai riƙe da igiya, da inda ya ga damar kafa turke.

Dabarar iri biyu ce, kuma tare suke tafiya. Ta farko cunkusawa: ka tattara magoya bayan abokin hamayyarka ka zuba su a mazaɓu ƙalilan, su ci da rinjayen da ya wuce bukata. Ta biyu tarwatsawa: ragowarsu ka yayyanka ka watsa cikin sauran mazaɓun, ko'ina su zama marasa rinjaye. Sakamakon 2018 ya nuna wannan ƙarara. 'Yan Dimokurat ukun da suka ci, wato G. K. Butterfield a mazaɓa ta 1, David Price a ta 4, da Alma Adams a ta 12, kowannensu ya samu wajen kashi 70 ko sama da haka. A ɗaya ɓangaren, in ka cire Walter Jones na mazaɓa ta 3 da ba shi da abokin karawa, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya kai kashi 60. George Holding a ta 2 da Ted Budd a ta 13 da kashi 51 da 'yan kai suka tsira. Kujera dai ɗaya ce, ko da kashi 51 ka ci ta ko da kashi 73. Ƙuri'un Dimokurat an tara su tsibi-tsibi inda suka yi yawa har suka zube, na Rifablikan kuwa an shimfiɗa su daidai wa daida, ba asarar ko ƙwaya.

Amurkawa suna kiran wannan aiki jerimanda. Sunan ya samo asali ne daga Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts, wanda a 1812 ya sa hannu a kan wata taswira mai mazaɓar da ta lanƙwashe kamar ƙadangare. Kuma kada wani ya ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. Shekaru aru-aru Dimokurat ce ke riƙe da igiyar a Karolina ta Arewa, kuma ba ta yi wa kowa sassauci ba. Mazaɓa ta 12 da aka zana a farkon shekarun 1990 ta miƙe tsawon mil 160 tana bin babbar hanyar I-85, a wasu wuraren faɗinta bai wuce faɗin titin ba, har ta kai ga Kotun Ƙoli a shari'ar Shaw da Reno a 1993.

Abin da ya juya al'amura wani zaɓen rabin wa'adin ne, na 2010. Ya faɗo daidai da shekarar ƙidaya, kuma Rifablikan ta lura da haka tun da wuri. Ta zuba kuɗi a ƙananan kujerun majalisun jihohi da ba kowa ke waiwayarsu ba, ƙarƙashin wani shiri da ta kira REDMAP. A Karolina ta Arewa ta karɓe zaurukan majalisar jiha biyu, abin da ba ta yi ba fiye da shekara ɗari. A 2011 ta ɗauko ƙwararren mai zana taswirar jam'iyyar, Thomas Hofeller, ya yi aikinsa. A zaɓen 2012 'yan takarar Dimokurat suka fi samun ƙuri'a a faɗin jihar, amma kujeru 4 suka tashi da su cikin 13. A 2014 suka koma 3. Mutumin da ya yi zamansa a gida a Nuwamban 2010 saboda yana ganin zaɓen ba na shugaban ƙasa ba ne, bai san ya bar wasu sun yanke masa hukuncin shekara goma ba.

A Fabrairun 2016 kotun tarayya ta rushe mazaɓu biyu na wannan taswira, ta 1 da ta 12, bisa hujjar cewa an cunkusa baƙaƙen fata a cikinsu da gangan, wanda tsarin mulki ya hana. Aka ce a sake zane. Nan ne ɗan majalisar jiha David Lewis na Rifablikan, wanda shi da sanatan jiha Bob Rucho suke jagorantar kwamitin zana taswirar, ya yi maganar da ta bi duniya. Ya ce yana ba da shawarar a zana taswirar da za ta bai wa Rifablikan kujeru 10, Dimokurat 3, domin bai yi imanin za a iya zana wadda za ta ba da 11 da 2 ba. Ya kuma ce a ganinsa zaɓen 'yan Rifablikan ya fi alheri ga ƙasa, shi ya sa ya zana ta haka.

Ba suɓul da baka ya yi ba, da lissafi ya faɗa. Kotu ta hana rabo da launin fata, amma har lokacin ba ta taɓa rushe taswira don an yi rabo da jam'iyya ba. Saboda haka mafi kyawun kariya a gaban alƙali ita ce ka fito fili ka ce ni jam'iyya na duba. Matsalar ita ce a kudancin Amurka akasarin baƙaƙen fata Dimokurat suke zaɓa, don haka ko da wane suna aka yanka, kusan mutane ɗaya ne wuƙar ke bi ta kansu.

Titin Laurel

In kana son ganin abin da idonka, je birnin Greensboro. A can jami'ar North Carolina A&T take, wadda ta fi kowace jami'ar baƙaƙen fata yawan ɗalibai a Amurka. Ɗalibanta huɗu ne, ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka zauna a kan kujerun cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi, zaman da ya bazu zuwa garuruwan kudu da dama. Taswirar 2016 ta bi ta tsakiyar harabar wannan jami'a, ta kan titin Laurel, ta raba ta biyu. Ɗakunan kwanan da ke wannan gefen suka faɗa mazaɓa ta 6, na wancan gefen suka faɗa ta 13. Ɗalibai biyu aji ɗaya, ɗakin cin abinci ɗaya, amma wakilansu a Washington daban. Ɗalibin da ya sauya ɗakin kwana ya tsallaka titi, ya sauya mazaɓa ke nan, sai ya gyara rajistarsa.

Kowane ɓari na jami'ar an haɗa shi da yankunan karkara masu yawa da ke bin Rifablikan, don haka Mark Walker ya riƙe ta 6, Ted Budd ya riƙe ta 13. Kafin nan jami'ar tana ƙarƙashin Alma Adams ne, wadda ita ma tsohuwar ɗalibar makarantar ce kuma mazauniyar Greensboro. Da aka tattare mazaɓarta aka mayar da ita cikin Charlotte, sai da ta tashi ta koma can don ta riƙe kujerarta. Ina ganin babu wurin da ya fi wannan titi nuna nauyin abin: jikokin gwagwarmayar neman 'yancin ƙuri'a, ga ƙuri'ar a hannunsu, babu mai hana su jefawa, amma an riga an rage mata kaifi.

Birnin Asheville da ke kan duwatsun yamma ma haka aka yi masa, aka raba shi tsakanin mazaɓa ta 10 da ta 11. A nan ake ganin wata illar da ba a cika magana a kanta ba. Mazaɓa ta 11 a da ana fafatawa a cikinta, har ɗan Dimokurat mai sassaucin ra'ayi, Heath Shuler, ya riƙe ta. Da aka zare mata yawancin Asheville a 2011, Shuler ya haƙura da takara, ɗan Rifablikan Mark Meadows ya hau. Kujerar da babu fargabar faɗuwa a babban zaɓe, takararta ta gaskiya takan koma zaɓen fitar da gwani, inda 'yan a-mutun jam'iyya ne ke da ta cewa. Mai irin wannan kujera tsoronsa ɗaya ne, kada wani ya fito ya fi shi zafi. Meadows ya zama jigo a rukunin masu tsattsauran ra'ayi na majalisar, shi ne ya shigar da ƙudurin tsige kakakin jam'iyyarsu John Boehner a 2015, daga baya ya zama shugaban ma'aikatan fadar Trump.

Masu kare taswirar suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce 'yan Dimokurat su suka cunkusa kansu da kansu, tunda a manyan birane irin su Charlotte da Raleigh da Durham suke taruwa, Rifablikan kuwa suna warwatse a karkara. Sukan ƙara da cewa tsarin Amurka bai taɓa alkawarin rabon kujeru gwargwadon kason ƙuri'a ba. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Tambayar ita ce, wannan taruwa a birane ita kaɗai za ta iya haifar da 10 da 3? Masana suka ɗora wa kwamfuta aikin. Jonathan Mattingly, masanin lissafi a jami'ar Duke, ya sa ta zana taswirori sama da 24,000 ba tare da duba jam'iyya ba, fiye da kashi 99 cikin ɗari suka bai wa Dimokurat aƙalla ƙarin kujera ɗaya. Jowei Chen na jami'ar Michigan ya zana 3,000, babu ko ɗaya da ta ba da 10 da 3. Ga kuma Pennsylvania a shekarar nan ta 2018: kotun ƙolin jihar ta rushe taswirar da ke ba Rifablikan 13 cikin 18, ta zana sabuwa, aka yi zaɓe aka tashi 9 da 9.

A Karolina ta Arewa ma kotun tarayya mai alƙalai uku ta rushe taswirar har sau biyu a 2018, a Janairu da kuma Agusta. Na farko Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin, na biyu kuma lokaci ya ƙure. Haka aka shiga zaɓen Nuwamba da taswirar da kotu ta ce ta saɓa wa tsarin mulki.

Abin da ya faru a gundumar Bladen

Mazaɓa ta 9 ta taso daga unguwannin masu hali na kudancin Charlotte, ta bi iyakar Karolina ta Kudu ta yi gabas, ta ratsa gundumar Robeson ta 'yan ƙabilar Lumbee, ta dangana da Bladen, yankin gonaki da talauci. An zana ta ne don Rifablikan, amma guguwar 2018 ta kusa ƙetare katangar a nan. Dimokurat ta tsayar da Dan McCready, tsohon sojan kundumbala da ya yi yaƙin Iraƙi. Rifablikan ta tsayar da Mark Harris, fasto na cocin Baptis, wanda ya kayar da ɗan majalisa mai ci, Robert Pittenger, a zaɓen fitar da gwani da ƙuri'a 828. A babban zaɓe Harris ya zo gaba da ƙuri'a 905. McCready ya amsa shan kaye, ya taya shi murna.

Ranar 27 ga Nuwamba hukumar zaɓen jihar ta zauna don tabbatar da sakamako, sai ta ƙi sa hannu a kan na mazaɓa ta 9. Ruwa ba ya tsami banza. Alƙaluman ƙuri'un gidan waya na Bladen ne suka ƙi shiga hankali. A jihar, mai zaɓe na iya neman a aiko masa da takardar ƙuri'a gida, ya cike a gaban shaidu biyu, ya mayar. Doka ta ce shi ko ɗan'uwansa na kusa ne kaɗai za su mayar da ita, in baƙo ya karɓa ya aikata babban laifi. A Bladen, kashi 19 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka karɓi irin wannan ƙuri'a tasu suke da rajistar Rifablikan, amma Harris ya samu kashi 61. Da aka waiwayi zaɓen fitar da gwani, sai aka ga a can ma ya samu 437, Pittenger 17.

Zaren ya kai ga wani dillalin ƙuri'a mai suna Leslie McCrae Dowless, mutumin da ya san kowace ƙofa a gundumar, wanda ya yi wa 'yan takarar jam'iyyun biyu aiki a baya, kuma an taɓa ɗaure shi kan zambar inshora. Yadda Harris ya san da shi ma abin lura ne. A zaɓen fitar da gwani na 2016 Harris ya faɗi a hannun Pittenger da ƙuri'a 134, kuma a Bladen wani ɗan takarar da ya zo na uku ya kwashe ƙuri'un gidan waya 221, Harris ya samu 4, Pittenger 1. Harris ya bincika waye ya yi wa mutumin wannan aiki, ya ɗauke shi.

A zaman sauraron shaidu na Fabrairun 2019, ma'aikatan Dowless suka bayyana yadda abin yake. Su bi gidaje su sa mutane su nemi takarda, in ta iso su dawo su karɓa, wani lokacin ambulan a buɗe. Wata daga cikinsu ta ce ta cike guraben da aka bari da sunayen 'yan Rifablikan. Sukan sa hannu a matsayin shaidu a kan takardun da ba a cike a gabansu ba, sukan kuma jefa su gidan waya kaɗan-kaɗan don kada a lura. Galibin gidajen da aka bi na talakawa ne da tsofaffi, mutanen da suka miƙa takardarsu ga wanda suka ɗauka taimako ya zo yi.

Shaidar da ta karya ƙashin bayan shari'ar daga cikin gida ta fito. Ɗan Harris na cikinsa, John, lauyan gwamnatin tarayya, ya tsaya ya ce tun 2017 ya gargaɗi mahaifinsa, har a rubuce ta imel, cewa yana zargin Dowless na tattara ƙuri'u ba bisa ƙa'ida ba. Ya ce yana ƙaunar iyayensa, amma sun yi kuskure. Uban yana zaune yana sauraro, hawaye na zuba. Washegari Harris ya hau kujerar shaida, ya ce bai san ana aikata laifi ba, ya ce rashin lafiyar da ya yi ta taɓa masa tunani, daga ƙarshe ya nemi a sake zaɓe da kansa. Mambobin hukumar biyar, uku Dimokurat biyu Rifablikan, baki ɗaya suka amince.

Wannan gaɓa ta cancanci yabo, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ma'aikatan hukuma sun bi alƙaluma har ƙofar gida, 'yan jam'iyyar wanda ake zargi sun kaɗa ƙuri'ar soke nasararsa, ɗa ya faɗi gaskiya a kan mahaifinsa. Amma jama'ar mazaɓar sun biya farashi: daga Janairu zuwa Satumban 2019 ba su da wakili a majalisa. Da aka sake zaɓen ranar 10 ga Satumba, Harris bai tsaya ba, Trump ya zo Fayetteville ya yi gangami a jajibiri, ɗan Rifablikan Dan Bishop ya kayar da McCready da kusan kashi biyu. Lissafi ya koma 10 da 3, yadda aka tsara. An gurfanar da Dowless, amma ya rasu a 2022 kafin a yi shari'ar zaɓen. Harris ba a tuhume shi da komai ba, kuma a 2024 ya ci kujerar mazaɓa ta 8, ya shiga majalisar.

Ita kuwa taswirar, ranar 27 ga Yunin 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Rucho da ƙungiyar Common Cause, alƙalai biyar da huɗu. An haɗa ta da shari'ar jihar Maryland, inda Dimokurat ce ta yi wa Rifablikan irin wannan yankan. Alƙalin alƙalai John Roberts bai ce abin yana da kyau ba, ya ma yarda yakan haifar da sakamakon da ake ganin rashin adalci ne. Abin da ya ce shi ne rigimar ta siyasa ce, kotunan tarayya ba su da ma'aunin da za su ce nan ne son kai ya wuce gona da iri. Mai shari'a Elena Kagan, a madadin marasa rinjaye, ta ce ma'aunin yana nan, ga dubban taswirorin kwamfuta a gaban kotu, ta kuma rufe da cewa cikin baƙin ciki mai zurfi take saɓa wa hukuncin. Ni a nan ina tare da Kagan. In mutum ya faɗa da bakinsa cewa ya ɗauki iyakar abin da zai iya ɗauka, alƙali ba ya bukatar sikeli kafin ya gane an wuce iyaka.

Da ƙofar tarayya ta rufe, rigimar ta koma kotunan jiha, daga nan taswirar ta riƙa sauyawa kusan kowane zaɓe. A ƙarshen 2019 kotun jiha ta hana amfani da ita, aka sake zane, zaɓen 2020 ya ba da 8 da 5. Bayan sabuwar ƙidaya jihar ta samu kujera ta 14, kotu ta sa ƙwararru suka zana taswirar wucin gadi, zaɓen rabin wa'adi na 2022 ya tashi 7 da 7. Sai dai a Karolina ta Arewa alƙalan kotun ƙolin jiha ma zaɓensu ake yi da tutar jam'iyya, kuma a wannan zaɓen na 2022 Rifablikan ta karɓe rinjayen kotun, biyar da biyu. A Afrilun 2023 sabuwar kotun ta janye hukuncin tsohuwar da ya hana yanka taswira don fifita jam'iyya. Majalisa ta sake ɗaukar igiya, zaɓen 2024 ya ba da 10 da 4.

Tarihin mace ɗaya ya isa ya nuna wannan kai-komo. Kathy Manning, 'yar Dimokurat daga Greensboro, ta faɗi a hannun Ted Budd a 2018 lokacin da birnin yake a rabe. Da aka haɗe shi wuri ɗaya ta ci a 2020, ta sake ci a 2022. Da aka sake yayyanka shi a 2023, ta duba alƙaluma ta ce ba za ta tsaya ba. Mutanen garin su ne dai ba su sauya ba, ita ma ita ce, layukan ne suka motsa. A Oktoban 2025 kuma majalisar jihar ta sake taɓa taswirar ba tare da jiran wata ƙidaya ba, ta gyara iyakokin mazaɓa ta 1 da ke arewa maso gabas, yankin da ya daɗe yana tura baƙar fata majalisa tun 1992, da nufin kayar da ɗan Dimokurat Don Davis a zaɓen rabin wa'adi na 2026 don kujerun Rifablikan su kai 11.